Jitar da Aka Cire wa Murya

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo cewa Othniel yaron kirki ne, in daina zafafa masa, na ji ku. Ni ma ban taɓa cewa mugu ba ne. Ku dai karanta na yau, ku ga inda kirki ke kai mutum idan bai iya tambaya ba.

*

Bugu ɗaya Edith ta yi wa tsirkiya, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Sautin ya fito ta sifikar cocin tas, da ƙarfi, da sheƙi, har gilashin taga ya amsa. Ba za a yi ƙarya ba, sauti ne mai kyau. Sai dai ba na jitar babanta ba ne.

Ta sake bugawa a hankali, da naman yatsa, yadda Baba ya koya mata. Sautin ya fito daidai da na farko, bai ragu ba, bai yi laushi ba.



Ta kwantar da jitar a cinya ta duba ƙarƙashin tsirkiyoyin. Inda ta saba ganin tsofaffin fikof guda biyu masu murfin ƙarfe, waɗanda tsatsa ta ci gefensu, yanzu wasu baƙaƙe ne sababbi fil ke kallonta.

Ga wanda bai san jitar lantarki ba, fikof shi ne kunnenta. Ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana kwance ƙarƙashin tsirkiya, shi ke jin motsinta ya kai wa sifika. In ka canja shi, katakon na nan, tsirkiyar na nan, amma muryar ta zama ta wani daban.

Kuma gobe Asabar za a binne Kaka, mahaifiyar babanta.

"Othniel!"

Yana can bayan coci wajen teburin na'urorin sauti, bakinsa har kunne. Tun da ta shigo yake jiran kiran nan, bawan Allah, a zatonsa godiya ce ke tafe. Shi ne mai kula da sauti a cocinsu na Umarari, shi ne kuma wanda zai aure ta, har an kai gaisuwa gidansu.

"Kin ji ko?" ya ce, yana tahowa yana murza hannu. "Kin ji yadda take magana yanzu? Kamar sabuwa daga kwali!"

"Me ka yi wa jitar Baba?"

"Gyara na yi mata. Jiya na kai ta Gwange wajen Mikail mai gyaran rediyo, ya cire tsofaffin ya liƙa waɗannan. Nawa ne fa, don jitata na saye su, na haƙura na bar miki."

"Wa ya ce maka ta lalace?"

"Haba Edith. Kowa a cocin nan ya san ta lalace. Da an tayar da janareta sai ta fara gurnani, kuuu, ba ƙaƙƙautawa. Ki matsa kusa da sifika, ta yi ƙara mai tsaga kai. Ki buga da ƙarfi, ta kama ziza kamar an tara ƙudan zuma a gwangwani."

"Zizar ka cire?"

"Ai ita ce babbar matsalar! Murfin ya saki, wayar ciki ta saki, maganaɗisun ya tsufa ba shi da ƙarfi. Waɗannan kuwa an daskare cikinsu da kakin zuma, babu abin da ke motsi. Naɗi biyu ne a kowane ɗaya, ɗaya na kashe gurnanin ɗan uwansa. Ki saurara." Ya ɗaga yatsa sama. "Janareta na aiki yanzu haka. Kin ji wani abu? Tsit!"

Edith ta zuba masa ido. Wani baƙin ciki ya taso mata.

Ai dole. A garinsu, can kudancin Borno, ba a binne tsohuwa irin Kaka sai da kiɗan tsinza. Katakai ne ake jerawa a kan ƙahonin shanu, a liƙe bakin kowane ƙaho da farar yanar gizo, yadda in an buga katakon sai yanar ta yi rawa, sautin ya fito da ziza. Wannan zizar ita ce ran kiɗan. Tsinzar da ba ta ziza, ko yara ba sa taka mata rawa.

Makaɗin garin ya rasu a hanyar gudun hijira, tsinzarsa ta ƙone tare da gidansa. Baba Dzarma kuwa da ya tashi gudu, buhun hatsi ya bari ya saɓa jitar nan a baya. A Maiduguri ne wata rana yana kaɗa ta, Kaka ta fito daga ɗaki da sandarta ta tsaya a kansa, ta ce, "Dzarma, ashe ka taho da tsinza." Daga ranar take maimaita masa, ranar tafiyarta da wannan muryar za a raka ta. Ya yi mata alkawari a gaban kowa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara, ya tafi da hannunsa na dama da rabin harshensa. Alkawarin ya faɗo a kan Edith, don ita kaɗai ta zauna ta koyi bugunsa tun tana ƙarama.

Wannan ne Othniel ya ɗauka ya kai Gwange aka yi wa gyara.

"Riƙe," ta ce, ta danna masa jitar a ƙirji. "Buga min kiɗan rakiya."

"Ni ai ban iya shi ba."

"To ba ni." Ta fizge abarta. "Buɗe kunnenka."

Ta fara kiɗan, wanda ake soma shi ƙasa-ƙasa kamar mai lallashi, sannan a hau da shi. Yatsunta ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Amma abin da ya fito ta sifika, in ka rufe ido, sai ka ce kiɗan shiga da amarya ake yi a babban otal.

Ta danne tsirkiyoyin da tafin hannu.

"Ka ji?"

"Na ji. Ya fita tsaf."

"Ya fita tsaf! Wayyo Allah, Othniel, ashe kunnen naka na ado ne? Tsohon, in na shafa shi a hankali raɗa yake yi. In na matsa masa, sai ya yi kuka. Yana jin katako, yana jin farcena, in na sunkuya na yi waƙa a kansa har numfashina yana ɗauka. Wannan naka fa? Na shafa, ihu. Na doka, ihu. Murya ɗaya gare shi kamar mai tallan magani a tasha."

"Ƙarfi ne da shi, shi ya sa."

"Ƙarfi na ce maka ina nema? Dambe za a yi gobe?"

Murmushin ya gama sauka daga fuskarsa. Ya gyara tsayuwa.

"Ki tsaya ki ji nawa. Gobe kai tsaye za a haska jana'izar nan a Fesbuk. Danginku na Jos da Abuja duk za su kalla. Ranar bikin godiya kin ga abin da aka rubuta a ƙasa? Wani cewa ya yi ko a gidan injin niƙa muke sujada. Mutane suka yi ta dariya. Wa ake zagi? Mai sauti. Sunana ne ke ɓaci, Edith."

"Au, sunanka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Kakata ce ta mutu, amma sunanka za mu raka gobe."

"Edith..."

"Ka tambaye ni? Ka ce, Edith, zizar nan da gangan ce ko lalacewa ce? Shekara nawa kana ganin tsofaffin matan cocin nan na miƙewa tsaye da na fara bugawa, wasu na share hawaye da bakin zane. A zatonka kunnensu ne ke ciwo?"

Ya sunkuyar da kai.

Ni dai abin da ke ba ni haushi da irin su Othniel ke nan. Ba su da mugunta ko ta ƙwayar zarra, amma duk abin da bai yi kama da na cikin wayarsu ba, a wurinsu lalatacce ne. Garin gyaran gira sai su tsone maka ido, sannan su tsaya jiran ka ce an gode.

Edith ta zare wayar sifika, ta tura jitar cikin jakarta.

"Ba ni tsofaffin. Yanzu an sauko daga Juma'a, Mikail ya buɗe shago. Yadda ya cire su haka zai mayar."

Bai motsa ba.

"Da kai nake. Suna ina?"

"Ba sa hannuna."

"Suna wajen Mikail?"

"A'a."

"Kar ka ce min 'yan jari-bola ka ba su. Othniel, in ka ce min an ƙona wayar nan don jan ƙarfe, na rantse maka a nan gaban bagade..."

"Ban ba kowa ba! Na mayar wa wanda ya aiko ni."

"Wanda ya aiko ka?"

Ya cije leɓe. Ya gane ya yi suɓul da baka, amma magana zarar bunu ce.

"Ke kina tsammani zan shiga ɗakin Baba in ɗauko jitarsa ba da izini ba? Ni mahaukaci ne? Jiya kina kasuwa sayen kayan miyan baƙi aka kira ni. Aka ce ko akwai yadda za a yi a kashe zizar nan kafin Asabar. Na ce akwai. Ni har daɗi na ji, na ce ashe ba ni kaɗai abin ke damu ba."

"Wa ya kira ka?"

"An ce kar in faɗa miki."

"Othniel, ko ka faɗa, ko ka aika a karɓo muku gaisuwarku."

Ya ɗago da sauri. Ya ga idonta, ya san ba wasa take ba.

"Mama ce."

*

Ba ta san yadda Keke Napep ya kai ta gidansu na Maisandari ba. Jitar na tsakanin ƙafafunta, ta ƙanƙame wuyanta da hannu biyu, zuciyarta na tafasa.

Mama. Mama Ketura, da ta zauna ta ji alkawarin nan da kunnenta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ƙofar gida cike take. An kafa rumfa, Fasto da dattawan garinsu na zaune a kujerun roba, matan zumuntar coci na rera waƙa ƙasa-ƙasa. Da hantsi aka ɗauko Kaka daga asibiti, domin dattawa sun ce sai ta kwana a gidan ɗanta kafin a kai ta. Akwatin na ɗakinta, an rufe, Fasto ya yi addu'a a kai.

Maƙwabciyarsu Ya Zainaba ta tare ta da kular abinci a hannu, ta gaishe ta da Barbarci.

"Wushe, Edith. Sannu da haƙuri, 'yata. Lafiya kike sauri haka?"

"Lafiya, Ya Zainaba. Mun gode."

Ta wuce. A bayan gida ta sami Mama tsaye kan masu tuƙin tuwo, ɗaure da zanen zumunta, tana ba da umarni. Ido ɗaya Mama ta yi wa jakar jitar, ta ajiye ludayin hannunta.

"Mu je ciki," ta ce. "Ba a gaban mutane ba."

Suka shiga ɗakin Mama, wanda labule kawai ya raba shi da na Baba. Edith ba ta jira an zauna ba.

"Mama, ke kika sa aka cire?"

"Ni ce."

Ko gezau. Da ta yi musu ma da ya fi sauƙi.

"Don me? Me Kaka ta yi miki?"

"Ki iya bakinki. Tsohuwar nan ni na yi jinyarta, ni na wanke ta da hannuna yau da safe. Kar ki kuskura."

"To don me? Kin san alkawarin Baba. Kin san a kaina yake. Gobe in tsaya gaban mutanen garinmu in buga musu me? Su ce 'yar Dzarma ta raka kakarta da kiɗan biki?"

"Su ce. Baki dai nasu ne."

"Mama!"

"Rage murya, babanki na kwance." Mama ta matso, ita ma idonta ya kaɗa ya yi ja. "Tunda tambaya kike, bari in tambaye ki. Ranar da ciwon nan ya kayar da shi, me yake yi?"

Mama ba ta jira amsa ba.

"Ba ki gida, ni ce a gida. Kiɗan nan yake yi. Yana bugawa yana kiran sunayen mutanen garinmu da aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba a kan katakon. Na ce Baban Edith, ya isa haka. Bai ji ni ba. Sai jitar ta zame, shi ma ya bi ta. Ni na ɗaga shi daga ƙasa, bakinsa a karkace."

"Wannan ai ciwo ne, Mama, ba jita ba ce ta..."

"Likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali. Ranar Laraba da kika zauna a tsakar gida kina gwajinki, kin san abin da ke faruwa a ɗakin can? Jikinsa rawa yake yi kamar mai zazzaɓi. Na ɗaura masa abin awon jini, na ga inda ya kai, na ce shi ke nan, gawa biyu za mu fitar. Ke kina jin kiɗa, ni numfashinsa nake ji."

Maganar ta daki Edith. Ba ta san wannan ba, kuma ta ji kunya, ta ji tausayin uwarta har cikin ƙashi. Amma haushin bai tafi ba, sai ma ya ƙaru.

"To me ya hana ki faɗa min? Me ya hana ki faɗa masa? Jitarsa ce. Uwarsa ce. Kika bi ta bayanmu kika ɗauko Othniel, wanda bai san tsinza ba ko a hoto, kika sa ya yi mana wannan aika-aika?"

"Da na faɗa miki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Baba hannunsa ne ya shanye, Mama, ba hankalinsa ba. Kin yanke masa hukunci kamar ƙaramin yaro. Gobe zai zauna a gaban ramin uwarsa, in buga, ya ji an canja masa murya. Wannan ba tashin hankali ba ne? Wannan ba zai kayar da shi ba?"

Mama ta kau da kai.

Edith ta shimfiɗa mata hannu.

"Ba ni su. In Baba da bakinsa ya ce kar in buga, na rantse ba zan taɓa tsirkiya ba. Amma ki ba ni su in kai wa Mikail kafin ya rufe."

"Babu su."

"Othniel ya ce ya kawo miki."

"Ya kawo."

"To suna ina? A cikin akwatin kayanki? Mama, ba na son in yi miki bincike a ɗaki."

"Ki bincika. Ki zazzage ko'ina."

Yadda ta faɗe shi a sanyaye ne ya sa Edith ta tsaya cak.

"Mama... ina kika kai su?"

Mama ta zauna a bakin gado.

"Na san ki. Duk inda na ɓoye a gidan nan sai kin tono. Ita ce ke son abin, na ba ta abinta ta tafi da shi. Da muka gama shirya ta da safe, na naɗe su a ɗankwalinta na ajiye wajen ƙafarta. Kafinta ya buga ƙusa a kai."

Edith ta ja da baya. Ta dafa bango.

"A cikin akwatin Kaka?"

"A ciki."

"Kin binne muryar Baba da ransa?"

"Na binne ta ne don kar in binne shi." Mama ta ɗago, hawaye na gangara amma muryarta ba ta rawa. "Yanzu in kina da ƙarfin hali, ga ɗakin can. Ki je gaban Fasto da dattawan garinmu ki ce a ɓalle akwatin kakarki bayan an yi addu'a an rufe. Ki tone ƙafarta ki ɗauko ƙarafunanki. In kika buga gobe ya faɗi, ke kika sani da Allahnki."



Sai suka ji ƙarar sanda a siminti. Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas.

Labulen ya yaye.

Baba Dzarma ne tsaye, ya jingina kafaɗarsa da bango, hannun dama na lilo, gumi ya jiƙa masa riga. Tun da ciwon ya kama shi bai taɓa tashi daga gado ba sai an riƙe shi.

"Baban Edith!" Mama ta zabura. "Wa ya ce ka tashi?"

Bai ko kalle ta ba. Edith yake kallo. Leɓensa ya yi ta motsi yana kokawa da harshen da ya ƙi shi, har jijiyar wuyansa ta fito.

"E... dith."

"Na'am, Baba."

"Ɗau... ko... guduma."